Bugun Zuciyar Ɓaleri

Gashiga, kusa da Garwa
21 ga Satumba

Zuwa ga yayata Hibatullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin koma Kuseri lafiya, kuma jijjigar hanya ba ta taɓa cikin nan naki ba. Yaya Malam Abdelkerim da kasuwa? Yaya su Ache da Mariam? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Wayarki ba ta da sirri. Duk saƙon murya da na aiko sai Ache ta kunna shi a tsakar gida kowa ya sha labari, ni kuwa ina da maganar da ba na so ta zaga Kuseri kafin ta iso kunnenki. Direban da ke kai wa maigidanki kaya ya ce zai riƙa miƙa miki.

Inna tana nan da sauƙi. Tunda masu gaisuwa suka janye, gidan ya yi mana girma. Na kwaso kayana daga ɗakin da nake haya a Garwa na dawo gida, kullum sai in hau babur in tafi aiki in dawo. Ita kuwa tunda ta shiga takaba ko zaure ba ta leƙawa. Iyakarta ɗakinta da gindin dalbejiyar nan inda turken Ɓaleri yake. A kansa ne ma nake rubuto miki.

Kin san shekarar da na shiga lise, wato sakandare, Baba ya sayo shi yana ɗan maraƙi, ke nan shekararsa goma sha bakwai yanzu. Duk Gashiga babu san da ya kai haka. Kowa in sa ya yi masa huɗa damina huɗu ko biyar sai ya turke shi ya yi ƙiba ya kai shi kasuwa. Baba ne kawai ya ƙi, har ana yi masa ba'a wai ya ajiye ɗan fansho a gida. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, maƙwabta suka riƙa kawo ƙananan shanunsu a haɗa su karkiya ɗaya da shi ya koya musu bin layi. Shekara uku ke nan ko wannan bai iya ba. Haƙoransa sun cinye, ƙasusuwan bayansa sun fito, in zai tashi sai ya yi shawara da gwiwoyinsa. Inna ce yanzu take jiƙa masa dusa da ɗan kanwa, ta zauna a kujerar tsuguno har ya gama.

Bappa Hamadu, ƙanen Baba, ya kawo shawara a zaure ranar Juma'a, gaban dattawan unguwa, cewa a yanka shi ranar sadakar arba'in. Ba da mugunta ya faɗa ba, kin san shi da son ɗan'uwansa. Cewa ya yi san yana wahala, in aka bar shi wata safiya za a tarar da shi mushe, gara namansa ya shiga cikin mabuƙata ladan ya isa ga Baba. Har nan ban musa ba. Inda ya taɓo ni shi ne da ya ce dabba ba ta san wani ba, duk wanda ya miƙa mata dusa shi ne ubangidanta, kuma Ɓaleri ya riga ya manta da Baba tun kafin a dawo daga maƙabarta.

Kin sha yi mini dariya kina kirana likitan shanu. To yau likitan shanunki ya samu inda zai yi amfani. Tun watan Yuni aka haɗa ni aiki da wata Dokta Estelle, 'yar kudu ce, daga jami'a a Ngawundere ta zo. Abin da take bincike shi ne yadda zuciyar dabba take koyon abu, da yadda koyon yake sauyawa in shekaru sun ja. Muna da wata ɗamara da ake ɗaura wa sa a ƙirji, bayan ƙafafun gaba, ita kuma tana aiko da bugun zuciyarsa cikin waya, lamba tana hawa tana sauka a gaban idonki. Sai mu kaɗa ƙararrawa, mu ɗan jira, mu zuba masa turto, dusar anguryar nan da suke hauka a kanta. Haka kullum. Yaya, da kin ga 'yan shekara uku! Kwana huɗu ya ishe su. Da jin ƙararrawa, tun kafin su ga kwano, lamba ta tashi daga sittin da biyar ta haye casa'in, kunnuwa a miƙe, suna neman tsinka igiya. 'Yan shekara shida da bakwai sukan ɗauki mako guda ko fiye, tashin lambarsu ma bai kai na yara ba, amma tana tashi. Tsofaffi ne ba mu samu ba a nan, tunda mutanenmu ba sa barin sa ya tsufa. Don haka Dokta ta koma Ngawundere na wata biyu inda aka ce akwai su, ta bar mini ɗamara biyu in ci gaba.

To sai na tuna. Shekara goma sha bakwai, kowace safiya in Baba ya dawo daga masallaci, sai ya buga bokiti sau biyu ya kira sunan Ɓaleri da jan muryar nan tasa, ya ce masa ya zo da Fillanci, don wai ɗan Fulani ne ba ya jin Hausa. Sannan ya ba shi dusa. In ƙararrawar kwana huɗu tana tayar da zuciyar maraƙi, ina ga kiran shekara goma sha bakwai?

Nan take na ce wa Bappa, gaban kowa, zan kawo ɗamarar in ɗaura wa Ɓaleri mu kunna masa muryar Baba. In zuciyarsa ta tashi, a bar shi a turkensa har Allah ya karɓi abinsa. In ba ta tashi ba, ni da hannuna zan riƙe igiya ranar arba'in. Bappa ya yi dariya ya ce ya yarda, dattawa suka shaida. Ko ɗar ban ji ba, na san abin da zan gani.

Roƙona gare ki shi ne bidiyon nan da kika ɗauka zuwanki na bara, wanda Baba yake kiransa yana ce miki ki daina ɗaukarsa da tsohuwar riga. Ki turo mini. Ni ban da muryarsa ko ɗaya a wayata, kullum ina cewa sai wani lokaci.

Ki gaida maigidan da yaran. Inna tana gaishe ku, ta ce ki rage ɗaukar abu mai nauyi.

Naki ƙane,
Hanzala


Gashiga
6 ga Oktoba

Yaya Hiba,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kuna lafiya, ke da abin da ke cikinki da duk mutanen gida. Mun ji a rediyo ruwan kogin Logon yana ta ƙaruwa, Allah ya sa bai iso unguwarku ba. Bidiyo ya iso, na gode. Kwana uku na yi kafin in iya buɗe shi.

Jiya Asabar da hantsi muka yi gwajin. Na so in ba ki labari mai daɗi.

Bappa ya zo da maƙwabta biyu. Inna ta tsaya daga ƙofar ɗakinta, lulluɓe, ba ta matso ba tunda akwai maza. Na ɗaura wa Ɓaleri ɗamarar, sai da na ƙara huda rami a jikinta don ƙirjinsa ya rame. Na yi komai bisa ƙa'ida yadda Dokta ta koya mini, kada a ce na yi son kai. Muka jira ya natsu, lamba ta tsaya a hamsin da takwas. Na sa Bappa ya fara, ya buga bokiti sau biyu ya kira shi da kalmomin Baba. Hamsin da takwas, hamsin da tara, shi ke nan. Har na yi murmushi, na ce a raina yanzu za ku ga bambanci.

Sai na haɗa wayar da ɗan sifika na kunna.

Yaya, muryar Baba ta cika gidan nan kamar yanzu ya shigo daga masallaci. Saura kaɗan wayar ta faɗi daga hannuna. Bappa ya juya baya yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Duk wanda ke tsakar gidan sai da abin ya taɓa shi, ban da wanda aka yi domin shi. Ɓaleri ko kai bai ɗaga ba. Yana tsaye, kai a ƙasa, miyau yana zuba. Na duba lamba ina jiran ta hau. Hamsin da bakwai. Hamsin da huɗu. Hamsin. Arba'in da tara. Ta ɗan zauna a nan, sannan ta lallaɓa ta koma inda take.

Na ce wataƙila ɗamarar ce ta goce. Na gyara, muka jira, na sake kunnawa. Haka. Na uku ma haka. Maƙwabcinmu yana leƙe ta kafaɗata, kuma ni da bakina na gaya musu tun farko cewa hawa za ta yi, don haka babu hanyar ƙarya ko da na so. Na ce musu zuciyar ta tsufa, har gyangyaɗi take yi ana kiransa. Bappa bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya dafa ni ya ce dabba dabba ce, kada in sa abin a raina.

Amma na sa. Ba zan ɓoye miki ba, haushinsa na ji, irin haushin da ake ji wa mutum. Kin tuna makon da Baba ya fara kwanciya, yadda yake dafa bango ya fita ya ba shi dusa don wai ba ya ci a hannun kowa da daɗi? Ana yi masa ba'a a kasuwa saboda san nan, ya shanye. Ga shi ko wata guda da rabi ba a yi ba, an kira shi da muryar mutumin, ya tsaya yana zubar da miyau. Da na kwance ɗamarar ya juyo da hancinsa yana shinshina aljihuna, na ture shi.

Da na zauna na yi tunani, na gane ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Shekarun nan Garwa da Gashiga tafiyar rabin awa ce, amma sai in yi wata ban leƙo ba, kullum aiki. Ranar da Baba ya cika ina wani ƙauye ina yi wa shanun mutane allura. Na sa rai a ce akwai wani a gidan nan da ya riƙe shi fiye da yadda na riƙe shi, in gani da idona a lamba, in ji sanyi. Ban samu ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Bayan sun tafi na je ƙofar ɗakin Inna na yi mata bayani, har da lambobin. Ta dube ni, ta gyara mayafinta ta shige ciki. Na gaya wa Bappa ta yarda. Ke ma kina da haƙƙi a kansa tunda cikin abin da Baba ya bari yake, amma kin riga kin ce a waya duk abin da na yanke ya yi. To na yanke. Alkawari na ɗauka gaban dattawa.

Na san hanya da nauyin jiki ba za su bar ki ki zo ba. Ki yi masa addu'a daga nan, duk ɗaya ne.

Ƙanenki,
Hanzala


Gashiga
15 ga Oktoba

Yayata,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Yaya jiki, yaya yara, yaya ruwa? An yi sadakar arba'in shekaranjiya Lahadi, an taru sosai, har mutanen Baba na kasuwar Pitowa sun zo. Malamai sun sauke Alƙur'ani, an yi addu'a. Allah ya kai ladan kabarinsa.

Na cika alkawari. Ni na kwance shi daga turke. Na zaci zai yi gardama a bakin zaure, tunda shekara uku rabonsa da fita, amma ina jan igiya ya biyo ni, a hankali, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ko ja ban yi ba sosai. Mahaucin da Bappa ya kira ya ce bai taɓa kayar da sa cikin sauƙi haka ba. Na riƙe igiyar har aka gama, ban kau da kai ba, don a lokacin zuciyata a bushe take.

Naman ya yi tauri, mata suka yi ta ƙorafi sun ƙone itace. Duk da haka ya kai gidaje da yawa, an kai masallaci, an kai wa masu jinya a asibiti. Bappa ya yi ta sa albarka. An kai wa Inna nata a kwano, ta ce haƙoranta ba za su iya ba, ta sa aka ba maƙwabta.

Jiya da safe na fito zan tafi aiki na tarar ta jiƙa dusa da kanwa a bokiti, ta ɗauko har ta kai gindin dalbejiya. Ta tsaya a wurin da bokitin a hannu. Na yi kamar ina duba tayar babur. Can ta juya ta miƙa wa awakin maƙwabta ta kan katanga.

Na tumɓuke turken na cike ramin, kada ta riƙa ganinsa. Gidan ya ƙara yin shiru, amma za mu saba.

Allah ya sauke ki lafiya. A gaida kowa.

Hanzala


Garwa
24 ga Nuwamba

Yaya Hiba,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya mana Ayuba, ya sa ya gaji mai sunan a hali da haƙuri. Na ga hoto, goshin Baba ne sak, sai dai hancin na mutanen Kuseri ne, wannan kuma ba laifinmu ba. Yaya jikin naki, yaya jego? Ki yi wa Malam Abdelkerim godiya da ya sa wannan suna. Inna ta daɗe tana kallon hoton.

Na so wasiƙar nan ta tsaya a barka. Daga wurin aiki nake rubuta ta, don ba na iya rubuta ta a gida.

Dokta Estelle ta dawo ranar Litinin. Ranar Laraba ta zauna tana kwashe abin da ɗamarun suka tara. Ashe duk abin da ɗamara ta auna tana ajiye shi, ni kuwa na manta ban goge na ranar nan ba. Sai ta kira ni ta nuna mini wani layi marar suna a na'urarta, ta tambaye ni wace dabba ce wannan. Na zaci faɗa za ta yi don na kai kayan aiki gida. Na gaya mata gaskiya, tsohon san mahaifina ne, na ba ta labarin bokiti da kira da bidiyo. Ban kai ga ƙarshen labarin ba ta katse ni, fuskarta cike da murna.

Ta buɗe mini abin da ta samo a Ngawundere, na shanu masu shekara goma sha biyu zuwa sama. Ta ce koyon sabon abu yana yi musu wuya, ƙararrawar da yara ke kamawa a kwana huɗu su sai su yi mako uku, wasu ma har aka gama ba su taɓa takowa wurin kwano ba. In kin tsaya kina kallonsu sai ki rantse ba su ji komai ba. Amma waɗanda suka koya, da an kaɗa ƙararrawa sai zuciyarsu ta sauka. Sauka, Yaya, ba hawa ba. Ta ce a dabbobin da ta auna, wannan saukar ita ce alamar dabba ta dakatar da komai tana saurare. Har ta jawo layin 'yan marukan da ni da kaina na auna, ta faɗaɗa shi, ta nuna mini. Su ma suna yin ta, ɗan lotsawa kaɗan a farko, sai zumuɗi da tsalle su biyo baya lamba ta harba sama ta rufe shi. Wata biyar ina kallon lambobin nan ban taɓa lura ba, don hawan ne yake burge ni. Tsoho ba shi da tsallen, sauraren kawai ya rage masa.

Ta ce a cikin tsofaffinta wanda ya fi kowa, bugu huɗu ya sauka. Ɓaleri tara. Sau uku a jere, kuma ko gezau bai yi wa muryar Bappa ba, alhali bokiti ɗaya ne, kalmomi ɗaya. Har yaba mini ta yi wai na tsara gwajin da kyau. Mace ce mai taka-tsantsan da magana, ta ce ita ba za ta iya faɗin abin da ke cikin ran sa ba, ko kewa ce ko mene ne, wannan ba aikin ɗamara ba ne. Abin da za ta iya sa hannu a kai shi ne zuciyar nan ta san muryar nan, ta ware ta daga ta kowa.

Sannan ta ce in shirya, gobe da safe a ɗauki mota mu je ta gan shi.

Ban san yadda na gaya mata ba. Na dai ji bakina yana cewa an yanka shi, kuma da wannan layin da take kallo aka yanke masa hukunci, ni na karanta shi. Ta cire tabarau ta ajiye. Sannan ta ce ita ma da laifinta da ta tafi ba ta yi mini bayanin abin da take zato game da tsofaffi ba. Ban karɓa ba. Lambarta tana cikin wayata, kira ɗaya ne. Ban kira ba don na ga kaina a zaure gaban dattawa da na'ura a hannu, na ji ni ma na zama wani.

Na fita na hau babur ban san inda za ni ba, sai ga ni a gadar Binuwai da rana tsaka. Na tsaya ina kallon masu wanki. Abin da yake dawo mini ba yankan ba ne. Turewar nan ce da na yi masa. Yanzun nan ya gama jin Baba sau uku, ya juyo wurina, na ture masa hanci.

Na yi kuka, Yaya, wanda ban yi ba ranar jana'iza. Na san sadaka ta karɓu in Allah ya so, na san tsoho ne ko an bar shi ba zai daɗe ba. Duk na gaya wa kaina wannan, bai rage komai ba.

Inna ba ta sani ba. Kwana huɗu ke nan ina cin tuwonta ina kallon ƙasa. Wani lokaci in ce in bar ta da abin da ta sani, me zai ƙara mata ban da ciwo? Wani lokaci in ce na tsaya a ƙofarta na yi wa san mijinta shaidar ƙarya, dole in koma in warware. Ki ba ni shawara, ke kin fi ni sanin ta.

Ki shafa mini kan Baba ƙarami.

Ƙanenki,
Hanzala


Gashiga
20 ga Disamba

Zuwa ga yayata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata ke da jariri da yayyensa da mahaifinsu duk kuna cikin ƙoshin lafiya. Takardarki ta iso. Kin ce in faɗa mata, kuma kada in je mata da lambobi. Sai da na ƙara mako uku ina jan ƙafa, amma na bi maganarki.

Ranar Talata da la'asar na same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Na zauna a ƙasa kusa da tabarmarta na faɗa mata duka, cewa Ɓaleri ya gane muryar Baba, ni ne ban iya karatun abin da na ɗauko ba. Na roƙe ta gafara. Hannunta bai tsaya da ɓarar ba har na gama.

Ta ce ta sani. Ta ce tun daga ƙofar ɗaki ta ga ya daina tuƙa da aka kunna, sau ukun duka, kuma haka yake yi shekara da shekaru in ya ji takun Baba a zaure, tun da ƙafafun san suka daina kai shi wurin Baba da sauri. Ni ina can ina kallon waya.

Na tambaye ta don me ba ta faɗa ba. Ta ce mace mai takaba ba ta ɗaga murya a kan maza a tsakar gida, kuma na zo da na'ura da Faransanci, ni ɗanta ne da ya yi karatu, ba za ta ƙaryata ni gaban ƙanen ubana ba. Ta ce ta jira in shigo ɗaki in tambaye ta, ni da ita. Na zo na tsaya daga ƙofa na karanta mata hukunci, ta shige ciki don takaici, ni kuma na fita na ce wa mutane ta yarda.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ta ce in tashi in yi alwala magariba ta kusa. Har ta ɗebo gyaɗa ta zuba mini a hannu.

Washegari ta kira ni ta ce in ta fita takaba, ranar tara ga Janairu in Allah ya kai mu, tana so in sa ta a mota zuwa Kuseri ta ga mai sunan Baba. Na ce to, kwana nawa za ta yi in san abin da zan shirya. Ba ta amsa wannan ba, sai ta shiga lissafa mini abin da za a ɗaure: akwatunanta biyu, keken ɗinki, tukwanen ƙarfe, turminta, da buzun sallar Baba. Kajin ta ce a ba matar Bappa. Ta ce ba fushi take yi ba, kuma na yarda da ita. Ta ce dai yanzu babu abin da take tashi da safe domin shi a gidan nan, ni kuma babba ne, ina da aikina.

Ban hana ta ba, ba ni da bakin hanawa. Na je tasha na yi magana da direbanku, ya ce akwai wurin kaya.

Ki sa a gyara mata ɗakin da ke kusa da naki. Ba ta son fanka a kanta, kuma kununta ba a sa sukari, ta daina tun bara. Maganin ƙafarta zan saka a akwatin sama. In kika ga ta yi shiru, Yaya, ki shiga ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta, ki jira har ta amsa.

A gaida Malam Abdelkerim, a gaida yara. Ku sa ni a addu'a.

Ni ne ƙanenki,
Hanzala Ayuba